Ɗorawar da Ke Tsakiyar Gonarmu

Gonarmu ta gado tana bayan Gozaki, inda ƙasa ta fara gangarawa wajen rafi. Mahaifinmu ne ya saye ta tun ina firamare, daga hannun wani Bamaguje da suka saba a kasuwa. A wajenmu akan sayar da gona ba a sayar da itacen da ke cikinta ba, balle ɗorawa. Ranar cinikin mutumin ya ce ƙasa ta zama ta mahaifinmu, amma babbar ɗorawar da ke tsakiya ta matarsa ce, surukarta ce ta bar mata. Mahaifinmu ya ce ya ji, ya kuma yarda. Ba a rubuta komai ba. Yau su biyun sun rasu. Matar tana nan, ɗorawar tana nan, ni da yayana muka gaji gonar tare da maganar.

Gwaggo muke ce mata, don haka mahaifinmu ya koya mana. Doguwa ce, siririya, ba ta sa takalmi sai ranar kasuwa. Ita kuma Malam take ce mini, ba don na yi wani karatu ba, sai don tsokana. Ta ce tun ina yaro fuskata kamar ta wanda aka bai wa ajiya ya manta inda ya sa.

Ba ta yi ƙarya ba. Ni mutum ne mai waswasi. Nakan gama alwala in tsaya ina tambayar kaina ko ruwa ya kai gwiwar hannu, in sake daga farko. Da rani ina ɗinki a Malumfashi, kuma ba sau ɗaya ba na kai bakin tasha na juya don in taɓa kwaɗon shago in tabbatar ya kullu. In ƙyallen yadin wani ya rage a wajena, ko da bai kai tafin hannu ba, sai na nemi mai shi. Matata ta gaji da yi mini magana, yanzu sai dai ta bi ni da ido.

Kowace bazara, in ɗorawa ta bushe har iska na kaɗa ta tana ƙara, Gwaggo kan zo da safe da matan gidansu. Ita ce a gaba, da 'yar ƙwarya ta farau-farau, wato ruwan da aka dama da garin gero. Sai ta durƙusa a gindin itacen, ta yi magana ƙasa-ƙasa, ta zuba ruwan a kan saiwa. Sannan matan su ɗaga gora mai ƙugiya su fara saukewa. Rassan sama ba a taɓa su, ko da goran ya kai. Muna yara wannan bai dame mu ba. Mu dai garin ɗorawa muke jira, mu koma gida baki rawaya, a yi mana faɗa mun ɓata riga.

Bayan rasuwar mahaifinmu ne abin ya fara ci na. Na sayi waya mai ɗaukar wa'azi, ina ɗinki ina saurare, kuma duk abin da aka faɗa a kan shirka sai in ga kamar da gonarmu ake. Ruwan nan da take zubawa ƙasa yake shiga. Ƙasar nan ita ke ba ni dawa. Dawar nan ita muke ci, a cikinta nake fitar da zakka. To ina matsayina? In na yi shiru, na yarda ke nan? In ina noma na zo kusa da gindin itacen sai in kewaye da garma, in bar ciyawa a wurin, kada in taɓa inda aka zuba. Daga baya sai wani tunanin ya zo: kewayewar nan da nake yi ba girmama wurin ba ne? Sai in koma in nome. In na nome kuma in ji kamar na shiga ɗakin tsohuwa ba sallama.

Yayana ba ya irin wannan tunani. Yana Funtua yana sayar da hatsi, gona a wajensa abin da ta bayar ne. Ya daɗe yana cewa inuwar ɗorawar tana cinye mana masara, tarakta kuma ba ta jin daɗin juyawa saboda saiwoyi. Gaskiya ne, masarar da ke ƙarƙashinta takan fito siririya, goyonta kamar yatsa. A wannan shekarar da nake ba da labari ya zo tun ɗorawa na fure, jajayen tutunta na lilo, ya tsaya yana kallonta hannu a aljihu.

"Bana ce ta ƙarshe," ya ce. "Na yi magana da mai injin yanka. Tsohuwa ta kwashe kalwarta, sai a kwantar da ita."

Na ce, "Yaya, ai ba tamu ba ce."

"Ƙasar wa take tsaye a kai? Kai da kullum kake kukan ana tsafi a gonarka, ga hanya an kawo maka har gida, kuma kana ja da baya. Wai kai me kake so ne?"

Ni ma ban sani ba.

Na kai maganar wajen wani malami a Malumfashi, matashi mai kirki, wanda nake yi wa ɗinki. Ya saurare ni har ƙarshe. Ya ce wurin da ake zuba wani abu don wanin Allah bai kamata Musulmi ya bar shi a ƙasarsa ba in yana da iko, amma a bi tsohuwar da lalama, a ba ta wani abu a madadi. Na fito zuciyata ta kwanta. Kafin in kai shago ta sake tashi. Ranar Juma'a na tsaya bayan salla na tambayi tsohon limamin ƙauyenmu, wanda ya san mahaifinmu.

"Allah ya gafarta Malam, ina da tambaya."

"Kai kullum kana da tambaya. Wannan karon alwala ce ko kwaɗo?"

Na gaya masa. Ya ce, "Ita ke zubawa ko kai?"

"Ita."

"Mahaifinku ya yi alkawari?"

"Ya yi."

"To alkawari ana cika shi ko da wanda ba addininku ɗaya ba. Je ka yi nomanka."

Na dawo gida da maganganu biyu, kowacce in na duba ta ita kaɗai sai in ga daidai ce. In na sare, na ci amanar mamaci da ta tsohuwa. In na bari, wataƙila ina da kamasho a abin da ban yarda da shi ba. Abinci ya daina yi mini daɗi. Na ɗinka wa wani aljihu a bai-bai. Matata ta ce in da ɗorawar ta san yadda na rame a kanta da ta faɗi da kanta don tausayi.

Ɗorawa ta bushe, Gwaggo ba ta zo ba. Kullum da safe ina zuwa sharar gona ina duban hanyar gidansu. Yara suka fara jifa, awaki na bin abin da ya faɗo. Wani ɓangare na zuciyata ya ce shi ke nan, Allah ya raba. Wani ɓangaren ya ce tsohuwar da ba ta taɓa makara ba, lafiya kuwa? Sai ga matar ɗanta ta same ni a gona, ta ce Gwaggo ta faɗi a bakin rijiya, ƙugunta ya goce, an yi ɗori amma ba ta iya takawa. Ta ce a kira mata Malam.

Na same ta a kan tabarma a inuwar rumbu, ta ƙara ramewa, amma idon nan nata yana nan.

"Gwaggo, ya jiki?"

"Jiki ya ƙi. Zauna, ba za a ba ka giya ba, daina waige-waige."

Na zauna a bakin turmi. Ta ce ɗorawa ta isa saukewa, mata sun shirya, amma ba a sa mata ƙugiya ba a gaishe ta ba. Babban ɗanta ya musulunta, yana Funtua. Ƙaramin, mijin wadda ta kira ni, coci yake zuwa. Matan kuma baƙi ne a gidan, itacen bai san su ba. Haka ta ce, bai san su ba.

"Kai kuwa ɗorawar ta san ka. Tun kana yawo ba wando kake cin garinta. Ga ƙwarya, ka je ka zuba mini."

Na ƙi miƙa hannu. Na ce, "Gwaggo, ki yafe ni. Komai kika sa ni zan yi, ban da wannan."

Ta yi dariya har ta riƙe ƙugu. "Na sani. So nake in ga fuskar nan. To tunda ba za ka zuba ba, kai ni."

Da na ce a'a da ba wanda zai zarge ni. Amma bakina ya riga ni, na ce to. Tun daga ƙofar gidan har gida ina lissafi da kaina. Ɗaukar mara lafiya lada ne. Ɗaukarta zuwa inda za ta yi abin nan fa? Wanda ya kai mutum, shi ma ya yi? Na ɗauko waya zan kira malamin Malumfashi, na mayar aljihu. Na san abin da zai ce. Na san abin da liman zai ce. Na gaji da ɗaukar kaina ina kaiwa gidajen mutane.

Washegari da hantsi na ari amalanken shanu a wajen maƙwabcinmu. Muka shimfiɗa mata buhuna da bargo, ni da ɗanta muka ɗora ta. Ɗan ya ce yana da aiki, ya juya. Matan suka biyo mu a baya da goruna da kwanduna. Ƙwaryar tana kan cinyarta, ta rufe da faifai, tana ta ce mini in bi a hankali kada in zubar mata.

Hanyar ta bi ta bakin masu shayi. Wani abokina ya miƙe tsaye.

"A'a! Malam, yau kai ne direban Maguzawa? Ina za a kai amarya?"

Gwaggo ta ce, "Gidan ubanka. Ya ce ya gaji da tuwon uwarka."

Wurin ya kaure da dariya. Ni ban yi ba. Na san kafin azahar labari ya isa Funtua.

Da muka fita gari sai ta fara nuna mini wurare da haɓa. Nan akwai kaɗanya, ta ce, a nan aka tsaya da ita ranar da aka kawo ta gidan miji, aka ba ta ruwa. Can akwai kanya biyu, ƙarƙashinsu ta yi naƙudar fari. Wancan kwarin duk dinya ne da tsamiya, in yara suka shiga sai yunwa ta rabu da su. Ina duba inda take nunawa, ba komai sai fili da karan masarar bara, wani wurin da baƙin tabo inda aka ƙona gawayi. Kullum ina bin hanyar nan a kan babur, ban taɓa ganin an rasa wani abu ba. Ni abin da na sani game da kowace gona shi ne ta wane ce, da abin da ta bayar bara. Ita kuwa tafiya take kamar mai ratsa unguwar da danginta suka tashi.

Muka isa. Matan suka sauko da ita, suka zaunar da ita a kan saiwa. Na ja shanun gefe na juya baya, na fuskanci rafi, ina ta istigfari a zuci. Na ɗauka ƙasa-ƙasa za ta yi kamar da. Ashe kunnenta ya yi nauyi, ba ta san muryarta na fita ba. Duk na ji.

Ta kira wasu sunaye da ba zan rubuta ba, kuma har yau ban yarda da kiransu ba. Bayan nan sai ta shiga gaisuwa kamar yadda ake gaida babbar mace a gida. Ina kwana, ina gajiya, yaya zafin bana. Ta ba da haƙurin makara, ta ce ƙafa ce. Ta faɗi wanda ya rasu a gidansu tun bara, da jikar da aka haifa, da akuyar da ta ɓata. Ta ce ga shi sun zo ɗiba, ba don sun raina ba, don miya ce. Sannan ta ce, "Ɗan mutumin nan ne ya kawo ni. Matsoraci ne, amma ya kawo ni." Na ji ƙarar ruwa a kan busasshiyar ƙasa.

Matan suka fara saukewa. Na dawo na tsuguna nesa kaɗan da ita.

"Gwaggo, tana ji ne?"

"Me ka ce?"

"Na ce itacen yana jin abin da kike faɗa?"

"Oho. Ba ta taɓa amsa mini ba. Ni dai na san tunda nake gaishe ta ban taɓa iya karya mata reshe ba. Kai da ba ka gaishe ta, ai ga shi kuna neman mai inji."

Na ce, "Wa ya gaya miki?"

"Ƙugu ne ya goce, ba bakin mutane ba."

Wata daga cikin matan, sabuwar amarya, ta miƙa gora sama sosai. Gwaggo ta daka mata tsawa, ta ce na sama ba namu ba ne. Na tambaye ta na wane ne, ina jiran ta ce na iskoki. Ta ce na tsuntsaye ne da beraye da duk wanda ya zo bayanmu da yunwa, sauran kuma ya faɗo ya tsira. Sai ta dubi ƙasa, ta waiga dama da hagu, ta daɗe tana dubawa.

"Ina 'ya'yanta? Da in damina ta yi sai ka ga ƙananu sun fito ko'ina, mu zaɓi mai ƙarfi mu kewaye da ƙaya."

Ni ma na duba, babu ko ɗaya. Shekara da shekaru muna feshin maganin ciyawa kafin shuka, komai ya fito kore sai ya ƙone. Ban taɓa sunkuyawa na duba mene ne a ciki ba.

"Ta tsufa ba na baya," in ji ta. "In na mutu taka ce. Ba ta yayanka ba, taka. Ban ce ka zuba komai ba, kada ka suma."

Na mayar da ita gida. Ta sa aka cika mini kwando da ɗorawa, na ce a'a, na tsaya ina tunanin ko ya halatta, ta ce in ban ɗauka ba za ta sa a bi ni da shi har masallaci. Na ɗauka.

Ban jira yayana ya kira ba. Ranar kasuwa na shiga mota zuwa Funtua, na same shi a rumfarsa ana ɗinke bakin buhuna. Bai amsa gaisuwata da kyau ba.

"Na ji ka zama ɗan rakiya."

"Mara lafiya na ɗauka, Yaya."

"Ka kai ta asibiti ke nan? To, ta kwashe kalwarta. Jibi mai inji zai shiga."

Na ce ba zai shiga ba. Ya ajiye mudun da ke hannunsa ya dube ni, don bai saba ba.

"Kai ne fa ka hana mu barci da zancen shirka."

"Har yanzu yana damuna."

"To?"

"Baba ya ce ya ji, ya yarda. Ni ma ina wurin."

"Naka waswasin ba zai ci mini masara ba. Ina da iyali."

A nan ya fi ni gaskiya, kuma na faɗa masa haka. Na ce a raba gonar. Ya ɗauki gefen gabas da na arewa, inda fili yake tas tarakta ta yi yadda take so, a bar mini tsakiya da gangaren rafi. Ya ce na san abin da nake faɗa kuwa, wurin nan rabinsa inuwa ne, rabinsa zaizaya. Na ce na sani. Ya ce kada in zo masa da kuka da kaka. Na ce ba zan zo ba. Ya kira yaron shayi ya ce a kawo mini, mai madara, wai ko hankalina zai dawo.

Kafin ruwan shuka dattawa suka zo aka ja iyaka. Da aka zo daidai ɗorawar sai da kunyar iyakar ta lanƙwasa ta kewaye saiwoyin, don yayana ya ce ko ɗaya ba ya so a nasa. Duk wanda ya wuce sai ya tambayi wane mashayi ne ya ja wannan iyaka.

Masarata a shekarar ba ta yi abin kirki ba, matata ta faɗi abin da za ta faɗa, kuma ba ta yi ƙarya ba. Damina mai zuwa zan koma shuka dawa da wake a wurin, sun fi haƙuri da inuwa. Hankalina bai kwanta ba, kada wani ya ɗauka ya kwanta. Wani lokaci ina cikin salla sai in tuna amalanken nan, in rasa raka'a ta nawa nake. Na sake tambayar liman ko ɗaukar da na yi mata akwai laifi, ya ce in na ƙara kawo masa zancen ɗorawa zai bar mini limancin. Gwaggo tana nan, tana takawa da sanda a tsakar gida, bazara kuma tana tafe. Ta aiko a gaya mini in fara neman shanu. Ban ce to ba, ban ce a'a ba, amma na riga na yi wa maƙwabcin magana.